Dunƙulen cakulan na gida a Gaya da Ajingi: Sana'ar da ta fi sauƙi a bidiyo

Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon a TikTok ko Facebook. Mace ta narka cakulan a tukunya, ta zuba masa kirim ɗin madara mai zafi, ta juya har ya yi santsi, ta sa a firij, sannan ta fito da shi ta mulmula ƙanana kamar goro, ta birgima su cikin garin koko. Minti ɗaya an gama. A ƙarƙashin bidiyon kuma sai a ga an rubuta cewa sana'a ce da za a iya farawa da ɗan ƙaramin jari.

Wannan kira yana samun kunne a garuruwa irin Gaya da Ajingi, saboda yin kayan zaƙi a cikin gida tsohuwar sana'ar mata ce a nan. Da tuwon madara da gullisuwa da iloka da kantu da daƙuwa da alawar gyaɗa ake sayen sabulu, ake zubin adashi, ake tara wa 'ya kayan ɗaki. Lokacin biki kuma ga alkaki da nakiya da dubulan na gara. Macen da ta iya ƙulla alawar madara ba za ta ga wani abin tsoro a mulmula cakulan ba, kuma tana da gaskiya, hannun ɗaya ne.

Matsalar tana wajen lissafi. Masu bidiyon ba sa nuna rasit ɗin kayan haɗi, ba sa kuma faɗin awa nawa firij ɗinsu ke samun wuta.

Abin da ake haɗawa

Turawa na kiran wannan alawa turaful, sunan wani nau'in naman kaza mai tsada da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, saboda kamannin da suka yi. A Faransa ta samo asali. Zuciyarta shi ne haɗin cakulan da kirim, wanda masu sana'ar ke kira ganash, galibi kashi biyu na cakulan a kashi ɗaya na kirim idan ana so ya mulmulu.

A nan ya kamata a raba rigima: kokon da ake magana a kai ba wanda ake sha da ƙosai ba ne. 'Ya'yan wata bishiya ce ta dazuzzukan kudu, da ake shanyawa, a gasa, a niƙa, a fitar da gari da kuma mai. Man nan shi ne sirrin cakulan, kuma yana narkewa da zafin da bai wuce digiri 34 zuwa 35 a ma'aunin salshiyas ba. Shi ya sa yake narkewa a baki. Shi ya sa kuma ba ya jure watan Afrilu a gabashin Kano, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40. Farantin talla da ya bar gida da hantsi zai dawo da azahar da wani abu mai kama da kunu.

Yadda farashin koko ya tashi

A farkon 2023 ana sayar da tan ɗaya na koko kusan dala 2,500 a kasuwar New York. A watan Maris na 2024 ya haura dala 10,000, a Disambar shekarar kuma ya zarce dala 12,000, farashin da ba a taɓa gani ba.

Dalilin yana Afirka ta Yamma. Kodebuwa da Ghana ne ke samar da fiye da rabin kokon duniya, kuma amfanin gonarsu ya faɗi a lokaci guda. Ruwan sama ya yi yawa ya jawo ruɓewar 'ya'yan, fari ya biyo baya, cutar da ke kumbura rassan bishiyar ta yaɗu, yawancin bishiyoyin kuma sun tsufa. A Ghana masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba sun cinye gonaki da dama.

A daidai wannan lokaci ne naira ta faɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Idan aka haɗa tashin biyu, tan ɗin da darajarsa ba ta kai naira miliyan ɗaya da dubu 200 ba ya koma kusan miliyan 18. Ko da farashin 'yan canji na wancan lokaci aka yi lissafin, ninkin ya kusa goma.

Manoman Ondo da Kuros Riba da Osun sun ci moriyar wannan. Tun 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a Najeriya, don haka manomin koko yana sayarwa a farashin kasuwa, saɓanin takwaransa na Ghana ko Kodebuwa da gwamnati ke yanke wa farashi. Sai dai abin da ya zama alheri a Akure ya zama tsada a kasuwar Singa ta Kano, inda 'yan kasuwar ƙananan hukumomi ke saro kayan masarufi. Kamfanin da ke niƙa koko a Najeriya yana gogayya ne da mai sayen da ke biya da dala, kuma wannan farashin ne yake ɗora wa garin da ya sayar a gida.

Farashin duniya ya sauko sosai a 2025. Amma mai shago da ya saro da tsada ba ya rage kuɗi don an ce kasuwar New York ta faɗi, sai ya sayar da abin da ke hannunsa, sannan kayan sai sun biya kuɗin mota daga kudu zuwa Kano, daga Kano su bi ta Wudil kafin su isa Gaya, a ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 tsakanin Mayun 2023 da ƙarshen 2024.

Sukari da madara ma haka

Da koko ne kaɗai ya yi tsada da da sauƙi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen sukarin da matatun Dangote da BUA da Golden Sugar ke tacewa daga waje ake shigo da shi, akasari daga Brazil, duk da shirin bunƙasa noman rake da gwamnatin tarayya ta amince da shi tun 2012. Garin madara ma yawancinsa na waje ne.

Wannan na ƙarshe ya fi ciwo idan aka tuna cewa kasuwar shanu ta Wudil, ɗaya daga cikin manya a Arewa, tana maƙwabtaka da Gaya, kuma rugagen Fulani sun kewaye yankin. Nono yana nan, abin da babu shi ne wurin tarawa da sanyayawa da zai sa ya kai gobe bai yi tsami ba. Shi ya sa mai tuwon madara a Ajingi ke sayen garin madarar da ya ƙetaro teku, alhali saniya na kuka a bayan gari. An kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, kuma irin wannan giɓi ne ma'aunin da ya kamata a auna ta da shi.

Ke nan duka manyan kayan haɗin dunƙulen cakulan uku, koko da sukari da madara, dala ce ke juya farashinsu. Mai saye kuwa yaro ne riƙe da naira hamsin ko ɗari, ko uwar amarya da ta riga ta gaji da lissafin gara. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gidan da ke fafutukar kwanon gero ba ya sa cakulan a gaba.

Firij da wutar da babu

Kirim ɗin madara yana lalacewa da wuri. Dunƙulen da aka yi da shi yana buƙatar sanyi tun daga tukunya har bakin mai ci, kuma ko a firij kwanaki kaɗan yake yi.

Tun da aka raba masu amfani da lantarki rukuni-rukuni, aka kuma ɗaga kuɗin rukunin farko zuwa naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, ya fi wa kamfanonin rarraba wuta riba su tura ta inda ake biya da tsada. Garuruwan karkara ba sa cikin waɗannan wurare. Mutane kuma ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan matsalar manyan layukan wuta. Wanda ke da kaya a firij a makon nan ya san abin da ya zubar.

Sola tana maganin wannan, amma firij mai sola ya fi ƙarfin jarin macen da ta fara sana'a da kwasar adashi. Idan ta ce za ta tayar da janareta, ribar ta tafi gidan mai.

Akwai kuma batun lafiya, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Cakulan yana ɓoye ɗanɗanon madarar da ta fara juyawa. Alawar da ta narke ta sake daskarewa sau biyu ko uku na iya yin kyau a ido ta kuma ɓata cikin yara a gidan biki. A bisa doka NAFDAC ce ke rajistar abincin da aka ƙunshe don sayarwa, amma mai ƙulla leda ashirin a tsakar gida ba ta cikin lissafin kowa, babu mai duba ta, babu kuma mai koya mata. Tsofaffin kayan zaƙi sun tsira daga wannan haɗari ne saboda ana dafa su da sukari mai yawa har ruwan jikinsu ya ƙone, shi ya sa alkaki ke yin makonni a kwalla.

Inda dabara take

Ba Najeriya ce ta fara fuskantar wannan ba. A Brazil ta shekarun 1940, lokacin da ɗanyar madara ke wuya, mata sun haɗa madarar gwangwani mai kauri da garin koko da man shanu, suka tuƙa a wuta har ya kama jikinsa, suka mulmula. Ana kiran alawar birgadero, sunan da aka danganta da Birgediya Eduardo Gomes, ɗan takarar shugaban ƙasa a 1945. Ya faɗi zaɓe, alawar kuma har yau ba a bikin yara a Brazil ba tare da ita ba. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon madara za ta gane aikin da kallo ɗaya, kuma ba ya buƙatar sandar cakulan ko kirim.

Mataki na gaba ya fi wannan dacewa da Gaya da Ajingi. Yankin yana noma gyaɗa da riɗi, aya tana samuwa a kowace kasuwa, ga Dutse a maƙwabciyar Jigawa, inda cibiyar binciken dabino ta gwamnatin tarayya take. Dabinon da aka cire wa ƙwallo aka daka da soyayyiyar gyaɗa yana dunƙuluwa da kansa, ba ya neman sukari, ba ya neman firij. Daƙuwa ma, idan aka duba da kyau, dunƙule ce irin wannan. A nan koko ya zama riga ke nan, cokali biyu ko uku na gari su isa faranti guda, maimakon ya zama shi ne rabin jarin.

Wani zai ce wannan ai ba turaful ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma akasarin abin da ake sayarwa da sunan cakulan mai araha a shaguna ma ba shi da man koko, man kwakwa ko wani man tsiro ake sa masa don ya jure zafi ya kuma sauko da farashi. Idan manyan kamfanoni na yin irin wannan sauyi don kare ribarsu, ba abin kunya ba ne mace a Ajingi ta yi nata da dabino, muddin ta faɗa wa mai saye abin da ke ciki.

Gyaɗar ma tana da sharaɗi. Wadda aka adana da danshi tana kama fumfuna mai gubar da ke illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe gubar. Sai an tsince baƙaƙe da motsattsu an zubar, ba a bar su don cika mudu ba.

Ainihin dunƙulen cakulan da kirim yana da tasa kasuwar, amma 'yar ƙarama ce: odar biki ko walima da aka biya rabin kuɗi tun kafin a kunna wuta, a yi yau a kai yau, musamman tsakanin Disamba da Janairu lokacin da hunturu ke yin aikin firij kyauta. Talla a rana ko ajiyewa a shago ana jiran mai saye hanya ce ta narkar da jari.

Masu shirya koyar da sana'o'i, na gwamnati ne ko na 'yan siyasa, su ma suna da tambayar da za su amsa. Sau da yawa akan tara mata kwana biyu ko uku, a koya musu haɗin da aka kwafo daga intanet, a ba su takardar shaida da ɗan jari, a ɗauki hoto. Ba kasafai ake zama da su a lissafa kuɗin kowane dunƙule ɗaya ba, tun daga koko da gawayi har leda da kuɗin mota zuwa Kano, balle a kwatanta da abin da mai saye a kasuwar Gaya zai iya biya. Macen da aka sallama ba tare da wannan lissafi ba za ta gano shi da kanta a zagaye na biyu ko na uku, ranar da ta koma saro kaya ta tarar kuɗin da ke hannunta bai kai na gwangwanin koko ba.