Tsiren Fegge Ya Isa A Yi Masa Shago

Duk wanda ya tsallake tsohuwar gadar Kwara da magariba ya shiga Fegge, a Anacha, hancinsa zai gaya masa inda 'yan Arewa suke tun idonsa bai gan su ba. Ga ƙanshin tsire da balangu, ga mai shayi ya jera burodi, ga mai tuwo da miyar kuka ta kafa tukunya.

Yawancin masu ci a nan dole ce ta kawo su. Gwauraye ne, ko magidantan da suka baro iyali a Kano, Sakkwato ko Maraɗi: direbobin manyan motoci, 'yan dako, fataken albasa da na shanu. Safe da rana da dare a waje ake ci. Musulmi kuwa ba ya cin naman da bai san yankansa ba, saboda haka ba kowane gidan abinci zai shiga ba, sai wurin ɗan'uwansa mai tebur.

To, don ba shi da wani wurin zuwa, sai a ciyar da shi a bakin kwata? Benci a karye, ruwan wanke hannu ɗaya tun safe, nama a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ran da ciki ya ɓaci, kuɗin da za a aika gida sai ya ƙare a kantin magani.

A birnin Napoli na ƙasar Italiya, fiza abincin talaka ce tun asali, gurasa ce da tumatir a kai, ana tallarta kwararo-kwararo. Masu yin ta suka riƙe sana'arsu da daraja, suka kama shaguna, suka sa kujeru. A 2017 hukumar UNESCO ta sa gwanintarsu cikin al'adun gado na duniya. Yau baƙo daga Amurka sai ya bi layi kafin ya samu kujera.

Tsire bai gaza fiza da komai ba. Mutanen gari a Anacha da Inugu da Fatakwal sun daɗe da sanin daɗinsa. Amma je ka manyan otal ka gani: saniya daga Arewa, yaji daga Arewa, mai gashi ɗan Arewa, riba kuwa ta mai gini ce.

Sarakunan Hausawa da shugabannin mahauta su ya kamata su ɗaura ɗamara. Mutum goma in sun yi adashi, sun isa su kama shago guda mai famfo da tebura, inda direba zai zauna ya ci a natse, Ibo ma ya kawo iyalinsa.