Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

 

Kwanakin baya, bayan an tashi daga makaranta, wani dattijo cikin iyayen yaranmu ya tsare ni a bakin ƙofa. Ɗansa ya gama sakandare, kuma ni na koya masa lissafi yana ƙarami, yaro ne mai kai da natsuwa. Ya ce, "Malam, yaron nan ya dage sai tuƙin jirgin sama. An ce da dala ake biyansu. Ina so in sayar da gidanmu na Zango in tura shi waje. Me ka gani?" Na ce, "Baba Alhaji, a ba ni mako guda, kafin nan kada a kira dillali." A gidan nan iyalinsa suke, kuma kuɗin hayar ɗakunan waje ne cefanensu.

Abin da na koma na gaya masa shi zan gaya muku, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Duk yaron da ya raka alhazai filin jirgi a Accra ko Tamale, ya ga matuƙi cikin farar riga da igiyoyi a kafaɗa, sai ransa ya biya. Buri ne mai kyau, amma yana da matakai.

Matakin farko shi ne lasisin tuƙi na ƙashin kai, wanda ake samu bayan awa 40 ko fiye a sama. Wannan ba a cin abinci da shi. Na biyu shi ne lasisin aiki, mai bukatar kimanin awa 200, tare da koyon tuƙi cikin gajimare da na'ura kawai, da kuma tuƙin jirgi mai inji biyu. Na uku, wanda sai da shi ake zama kyaftin a babban jirgin fasinja, yana bukatar awa 1,500. Kowace awa ta koyo kuɗi ce, domin ɗalibi ne ke biyan hayar jirgi da mai da malami. A Amurka ko Turai karatun yakan ci dala dubu 80 zuwa dubu 100, wani lokaci ma fiye. A Afirka ta Kudu da sauƙi, amma can ma dubban daloli masu yawa ne. Bayan haka kowane irin babban jirgi, Boeing ne ko Airbus ko Embraer, yana da nasa horon daban, wanda kan ci wata dala dubu 20 ko sama da haka.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya dawo da lasisi da awa 200, kuɗin gida ya ƙare. Kamfanoni sun fi son mai awoyi da yawa, shi kuwa ba zai tara awoyin ba sai ya sami aiki. Wasu sukan zama malaman tuƙi ko su tuƙa ƙananan jirage a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasu kuma sukan zauna a gida shekara da shekaru, ga takardunsu na bukatar sabuntawa, sabuntawar ma kuɗi ce.

Maganar albashi kuwa gaskiya ce, amma a tambaya: na wa, kuma a ina? A Amurka matsakaicin abin da matuƙan kamfanonin fasinja suka samu a 2023 ya haura dala dubu 200 a shekara. Amma a wannan ƙasar dai, lokacin da wani jirgin ƙaramin kamfani ya faɗi kusa da Buffalo a 2009, mutum 50 suka rasu, bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin ba ta samun ko dala dubu 20 a shekara. Bayan haka ne aka tsaurara doka, aka ce daga 2013 mataimaki ma sai ya tara awa 1,500, albashin masu farawa kuma ya tashi daga baya. Sannan baƙo ba zai yi aiki can ba sai da takardar izini. Wannan dalar da ake hange ta manyan kyaftin ce da suka yi shekaru a bakin aiki.

Mu dubi namu yankin. Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways a 2003, Ghana Airways ya daina tashi a 2004, wanda ya gaje shi ma ya tsaya a 2010. A 2020 annobar korona ta ajiye jirage a duk duniya, dubban matuƙa suka rasa aiki. Yanzu harkar ta farfaɗo, kuma tunda doka ta ce matuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe ya ajiye aiki in ya cika shekara 65, kullum akwai gurabe masu buɗewa. Amma kamfanoninmu na gida kaɗan ne, jiragensu ma ƙidayayyu ne.

Kada wani ya ce Malam yana kashe wa yara gwiwa. A'a. Cewa nake ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, kafin a kashe ko sidi ɗaya a makaranta, a kai yaro wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, a gwada idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Wanda ba ya bambance ja da kore zai iya faɗuwa tun a nan, kuma gwajin nan maimaita shi ake yi kowace shekara har ƙarshen aiki. Na biyu, a duba sakamakonsa a lissafi da kimiyya da Turanci, domin da Turanci ake magana da hasumiyar filin jirgi a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, kuma akwai jarrabawarsa.

Na uku, a nemi hanyar da ba sai an sayar da gida ba. Rundunar sojan sama tana horar da matuƙanta da kuɗin gwamnati, sai dai mutum zai yi mata aiki na wasu shekaru. Ta nan ne Melody Danquah ta tashi da jirgi ita kaɗai a 1964, don haka 'yan matanmu ma su saurara. Akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, inda yaronmu ba zai rasa mai jin harshensa ba, akwai kuma makarantar kamfanin jiragen Habasha a Addis Ababa. A rubuta musu, a nemi farashi a rubuce, a kuma tambayi hukumarmu ko za ta karɓi lasisin. Kada a miƙa kuɗi ga ɗan tsakani. Kuma a tuna, jirgi ba ya tashi sai da injiniya da mai ba da hanya daga hasumiya.

Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce za a fara da zuwa wurin likita, yaron kuma zai nemi takardar shiga soja in an buɗe. Gida dai yana nan. Ni kuwa na yi alkawarin zama da yaron kowace Asabar mu maimaita lissafi.

Allah Ya cika wa 'ya'yanmu burinsu na alheri. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.