Fitilun Rana a Titunanmu

A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasarmu, unguwanni sun kwana cikin duhu, amma fitilun rana na bakin titi ba su mutu ba. Dalili kuwa, kowace tana da allonta na silisiyom. Hasken rana, ba zafinta ba, shi ke motsa ƙwayoyin lantarki cikin allon. Batir ya tara wutar, magariba na yi fitila ta kama da kanta. Sai dai ƙurar hunturu tana rufe allo, zafin bazara yana gajiyar da batir. Saboda haka wajibi ne magadan gari su tanadi kuɗin gogewa da na canjin batir tun ranar saye, in ba haka ba ƙarfe kawai za a bar wa jama'a.