Ku Tauna Kafin Ku Haɗiye

Ya ku 'yan makaranta, yau da ku na ke, ba kuwa da wasa na zo ba. Akwai wata kalma ta Ingilishi wadda ta shiga bakinku ta yi kane-kane, watau aggregate. Da an fito da sakamakon jarrabawa ba a jin kome sai ita. Wannan ya ce tasa ta yi kyau, wancan ya ce tasa ta ɓaci, wani ya tafi gida ya gaya wa tsohonsa, tsoho ya sa masa albarka, alhali kuwa daga mai faɗi har mai ji babu wanda ya san abin da aka ce. Ran nan na tsai da wani yaro na babban aji, na ce ya gaya mini ma'anarta da Hausa. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, can sai ya ce wai Hausa ba ta da irinta. Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ashe Hausa ba ta da ita? To, fataken da su kan tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, da su ka dawo da me su ke lissafin uwar kuɗi da riba? Alƙalin da ke rabon gado, kafin ya ba kowa rabonsa, me ya ke fara nema? Jimla ce. Mun aro ta daga Larabci tun da daɗewa, ta zauna ta zama 'yar gida. Wanda ya ce harshensa ba shi da kalmar da kakarsa ke amfani da ita a kasuwa, ba talaucin harshen ya tona ba, nasa ya tona.

Su ma Turawan Ingila aro su ka yi. Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda a ke kiran garke grex. Ma'anarta ta farko ita ce a kora dabba a haɗa ta da garke. Daga wannan saiwa congregation ta fito, watau taron masu ibada, da segregate, watau a ware daga cikin garke. Ku tuna da ɗan asako da safe. Wannan gida ya sako awaki uku, wancan tumaki biyar, ya bi ƙofa ƙofa har ya tara su ya nufi daji. To, aggregate ke nan: abubuwa dabam dabam, daga wurare dabam dabam, an tara su an ƙidaya su gaba ɗaya. Saboda haka ne magina ma su ke kiran yashi da tsakuwar da a ke cuɗawa da siminti da wannan suna.

Amma ba asalinta ya fi damuna ba, ɓarnar da rashin saninta ke yi ita ce abin kuka. Ta farko, da yawa cikinku ba su bambanta ta da average. A ce yaro ya sami maki 90 a Lissafi, 85 a Hausa, 80 a Tarihi, 25 a Ingilishi. Jimlarsa 280, ita ce aggregate. In an raba 280 gida huɗu a sami 70, shi ne average, watau matsakaici. Wanda aka tambaye shi wannan ya rubuta waccan, ya faɗi, ko da ya iya lissafin.

Ta biyu ta fi muni. Jimla mayafi ce, ta kan rufe miki. Ku dubi yaron nan mai 280. Abokinsa ya sami 65 a kowane fanni, jimlarsa 260 kaɗai. Wa ya fi? In garke a ke dubawa daga nesa, na farko ne. Amma cikin garkensa akwai gurguwar akuya, ita ce 25 ɗin nan, kuma ranar da ya je neman shiga makarantar da ta ce dole sai an ci Ingilishi, ita za ta tsai da shi a bakin ƙofa, abokinsa ya wuce. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ta uku, ba ko'ina ne mai yawa ya ke nasara ba. A Nijeriya, jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, fanni huɗu ce, jimlarta 400, mai yawa shi ne a gaba. Amma a Gana, a jarrabawar gama ƙaramar sakandare, daraja a ke bayarwa daga 1 zuwa 9, kuma 1 ita ce mafi kyau. A kan tara darajojin fanni shida, saboda haka gwanin gwanaye shi ne mai aggregate 6. A ce yaro ya rubuto daga zangon Kumasi ya gaya wa kawunsa na Kano ya sami 8. In kawu bai san wannan ba, sai ya aika masa da jaje, alhali goron murna ya kamata ya raba. Kalma ɗaya, ƙidaya iri biyu.

Abin mamaki, a filin ƙwallo babu mai ruɗewa cikinku. A 2019 Barcelona ta ci Liverpool 3 da nema a gidanta, da aka koma Ingila Liverpool ta rama da 4 da nema, jimla 4 da 3, Liverpool ta wuce. Kowane yaro ya gane an haɗa wasa biyu ne. To, don me hankalin da ku ke kai wa ƙwallo ba ku kai shi ga takardar da ranku ya rataya a kanta?

Na san wani zai ce, "Malam, ai da Ingilishi a ke jarrabawa, ina ruwanmu da jimla?" Ban ce ku bar Ingilishi ba, ku koye shi iyakar ƙoƙarinku. Abin da na ce shi ne, kalmar da ba ka iya mayar da ita cikin harshen uwarka ba, ba ka san ta ba tukuna, haddace ta ka yi kamar aku. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Malamai ma suna da nasu laifi, waɗanda su kan rubuta kalma a allo su wuce, ba su tsaya sun ga ko ta shiga ba.

Saboda haka duk ranar da ku ka ji an ce aggregate, ku yi tambaya uku. Me da me aka tara? Mai yawa ne a gaba ko mai kaɗan? Me jimlar ta ɓoye a cikinta? Kada kunya ta hana ku ɗaga hannu, gama matambayi ba ya ɓata. In tsohonku ya tambaye ku, ku gaya masa da Hausar da zai gane, har da gurguwar akuyar, don ya san abin da ya ke sa wa albarka. Allah ya ba ku ilmi mai amfani, amin.