Lambar Wayar Haya: Mabuɗin Shago a Hannun Wani

Tun daga watan Disamba na shekarar 2020, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, mallakar sabon layi ta ƙara wuya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa waɗansu 'yan kasuwa, musamman masu hulɗa da ƙasashen waje, suka koma ga lambobin haya na intanet, wato lambobin da ba su da katin waya, waɗanda saƙonsu ke shigowa ta manhaja. Da su ake karɓar lambobin sirrin nan da kamfanoni ke aikowa kafin su buɗe wa mutum asusu.

Ba a musun amfaninsu. Ɗan kasuwar da ke zaune a Legas zai iya riƙe lambar Ingila ko ta Amurka, abokan cinikinsa na can su kira shi a farashin gida, kuma ya raba harkar shago da ta iyali. Matsalar tana wajen tantancewa. Duk asusun da aka buɗe da wata lamba, mai riƙe da lambar ne mai shi a zahiri, ko da sunan wa aka rubuta.

Lambobin kyauta ba su ma cancanci a tsaya a kansu ba, domin saƙonsu a fili yake, kowa na karantawa. Haɗarin da ya fi ɓoyuwa yana cikin lambar da ake saye da araha don karɓar saƙo sau ɗaya tak. Yau ta yi aiki, an buɗe asusun, an tara masu saye da hotunan kaya da lissafin bashi. Bayan wata shida waya ta ɓace ko ta lalace, kamfani ya sake aiko da lambar sirri, alhali lambar ta daɗe da komawa hannun wani. Idan wancan ɗin mugu ne, sai ya shiga asusun ya riƙa karɓar kuɗi da sunan mai shago. Araha dai ba ta ado.

Ko lambar da ake biya duk wata ba ta da tabbas. Skype ya shekara da shekaru yana ba da hayar lambobi, amma Microsoft ya rufe shi a watan Mayu na 2025. Bugu da ƙari, WhatsApp ya bayyana a ƙa'idojinsa cewa ba ya karɓar lambobin intanet, ko da yake manhajarsa ta 'yan kasuwa tana karɓar layin tarho na ofis.

Saboda haka, wanda zai yi haya ya fara tambayar abu biyu: shin lambar tasa ce shi kaɗai, kuma kwana nawa za a jira shi idan ya makara wajen biya kafin a ba wani? Kamfanin da ya kasa amsa wannan a rubuce, a bar masa kayansa. Asusun banki kuwa, da duk abin da ke haɗe da lambar BVN, ba wurin gwaji ba ne. Wannan sai layin da ke ɗauke da sunan mai shi, wanda in ya ɓace zai je ofishin kamfanin waya da katin shaidarsa a dawo masa da shi.