Gyara ko Wanke Allo? Ra'ayi a kan Sabunta Matani a Rumbun Yanar Gizo

Akwai wata tambaya da ya kamata ɗalibin harshe da adabi ya riƙa yi wa kansa duk lokacin da ya ɗauko matani daga yanar gizo domin nazari, wato shin abin da yake karantawa yau shi ne abin da aka ajiye jiya? A da, idan littafi ya fito daga maɗaba'a to ya fito ke nan. Kuskuren da ke shafi na goma yana nan a shafi na goma har sai an sake bugu, kuma bugu na biyu ba ya haɗiye na farko. Matanin da ke cikin rumbun yanar gizo kuwa, mai izini yana iya canza shi da tsakar dare daga wata ƙasa, gari ya waye adireshi yana nan, take yana nan, amma abin da ke ciki ya zama wani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsarin HTTP ya sauƙaƙa ajiye matani da sabunta shi ƙwarai da gaske, amma ya bar adana abin da ya gabata ga ganin damar mai rumbu, kuma wannan sassauci ne da bai dace jami'a ta yarda da shi ba.

Kafin a shiga gardama ya kyautu a san yadda abin yake aiki. HTTP ƙa'idar zance ce tsakanin na'urar mai nema da na'urar da ke riƙe da rumbu, kuma kowace buƙata tana farawa da kalmar umurni guda. Wadda kowa ke amfani da ita ba tare da ya sani ba ita ce GET, wato ɗauko. Akwai POST, wadda ke miƙa wa rumbu abu a bar shi ya yi hukunci, sau da yawa ya ƙirƙiri sabon shafi ya raɗa masa adireshi, sa'an nan ya amsa da lamba 201 alamar an ƙirƙira. Akwai PUT, wadda ma'anarta ita ce a ajiye wannan a adireshi kaza, in akwai wani abu a wurin a maye gurbinsa gaba ɗaya. Akwai DELETE ta sharewa, sai kuma PATCH da aka ƙaro a 2010 domin gyaran wani yanki kawai. Bambancin POST da PUT yana da muhimmanci ga wanda layinsa ke yawan katsewa: in aka maimaita PUT sau uku sakamako ɗaya ne, amma in aka maimaita POST saboda ba a ga amsa ba, ana iya wayar gari da kofi uku na maƙala ɗaya a rumbu.

Hasali ma ba don karatu kaɗai aka ƙago yanar gizo ba. Burauza ta farko da Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar CERN a 1990 ana karatu da ita, ana kuma rubutu da gyara. Waɗanda suka biyo baya suka yi farin jini, irin su Mosaic ta 1993, sai suka tsaya ga karatu, jama'a suka zama 'yan kallo. Domin dawo da ikon rubutu ne wani kwamiti a ƙarƙashin Jim Whitehead na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya tsara WebDAV, wanda ya fito a 1999 da umurnin kwafa da matsarwa da buɗe jaka da kullewa. A nan akwai abin lura: harafin ƙarshe na sunan yana nufin adana bugu-bugu, amma ƙa'idar 1999 ba ta ƙunshi wannan ba. An ɗage shi zuwa wata takarda ta daban da ta fito a 2002, wadda kaɗan ne suka aiwatar da ita cikakkiya. Wato tun daga tushe an gaggauta ba da alƙalami, aka jinkirta ba da kundin ajiya.

Wanda ya yi makarantar allo ya san cewa ba a wanke allo sai almajiri ya riƙe abin da ke kai. Wankewar ba asara ba ce, domin karatun ya koma ƙirji. Umurnin PUT wanke allo ne, sai dai rumbun da ba a tsara shi da adana bugu-bugu ba ba shi da ƙirji. Abin da aka maye gurbinsa ya tafi, kuma ƙa'idar HTTP ba ta tilasta wa kowa ajiye shi ba.

Illar farko da wannan ke haifarwa masana sun daɗe da saninta, suna kiranta ɓatan gyara. Alal misali, ɗalibai biyu suna aiki a kan jerin kalmomin saƙa da rini da sashe ya ajiye a rumbu. Na farko ya ɗauko da hantsi, na biyu ma ya ɗauko. Na farko ya ƙara kalmomi ashirin da ya samo daga bakin marina, ya ajiye da azahar. Na biyu, wanda kofinsa na hantsi ne, ya gyara waƙafi ɗaya tak ya ajiye da la'asar. Rumbu ya karɓi duka biyun ba tare da ƙorafi ba, kalmomi ashirin kuwa sun salwanta, kuma babu wanda ya yi niyyar ɓarna. Abin takaici shi ne maganin yana nan tun 1997, lokacin da HTTP/1.1 ta fito. Rumbu yana iya liƙa wa kowane bugu wani hatimi. Mai gyara ya dawo da hatimin da ya gani, yana sharaɗin cewa a ajiye in har bai canza ba. In ya canza sai rumbu ya ƙi, ya amsa da lamba 412. A 2012 har an ƙara lamba 428 domin rumbu ya iya ƙin duk wani gyara da ya zo ba tare da sharaɗin ba. Amma duk wannan zaɓi ne, kuma abin da aka bar wa zaɓi shi ne farkon abin da mai gaggawa ke tsallakewa.

Wasu za su ce a kulle matani kawai yayin da ake gyaransa, kamar yadda WebDAV ya tanada. Kulle yana da amfaninsa, sai dai wanda ya kulle yana iya tashi cin abinci, ko wuta ta ɗauke masa, sauran jama'a su zauna jiran wa'adin kullen ya cika. Hatimi ya fi dacewa da inda hannaye suke da yawa. Duk da haka, kulle da hatimi suna hana gyara ya take gyara ne kawai; babu ɗayansu da ke ajiye abin da aka gyara.

Illa ta biyu ita ce ta fi shafar manazarcin harshe, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba. Ga mai sayar da takalma, tsohon farashi shara ne. Ga ɗalibin Hausa kuwa, tsohon rubutu hujja ne. Ƙa'idojin rubutun boko sun sha sauyi, tun daga na Hanns Vischer a 1912, zuwa shigowar haruffa masu lanƙwasa a Zariya a shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Da a ce duk lokacin da ƙa'ida ta canza ana bin tsofaffin jaridu da littattafai ana daidaita su a wurin da suke, da ba a sami abin rubuta tarihin ƙa'idar ba. To irin wannan ne yake iya faruwa a rumbu. Wani mai kyakkyawar niyya ya ga karin harshen Sakkwato ko na Damagaram a cikin tatsuniyar da aka naɗo daga bakin tsohuwa, ya ɗauka kuskure ne, ya mayar da shi daidaitacciyar Hausa, ya ajiye. A ganinsa ya yi gyara, alhali ya shafe abin da ya sa aka naɗo tatsuniyar tun farko. Sa'an nan ɗalibin da ya kafa hujja da wannan matani a kundinsa, ranar da malami ya bi adireshi don tabbatarwa, sai a ga kamar shi ne ya ƙirƙiro misalin. Marubutan Larabci da ajami sun fi wannan tsantseni: in mai kwafi ya gano ya tsallake kalma, a gefen shafi yake rubuta ta ya sa alamar inganci, mai karatu ya ga kuskuren ya ga gyaran.

Akwai ma ɓarnar da ba hannun mutum ke yi ba. A tsarin UTF-8 harafin ƙ gurbi biyu yake ci, haka ɗ da ɓ. Tsohuwar ƙa'idar HTTP ta 1999 ta ce in ba a bayyana tsarin haruffan matani ba a ɗauka na Yammacin Turai ne, kuma sai a 2014 aka janye wannan. Manhajar da ta karanta matanin Hausa da wannan zato sai ta mai da ƙ ta zama Æ da wata alama a gabanta. In mai gyara bai lura ba ya sake ajiyewa, gurɓataccen ya hau kan lafiyayyen, kuma in an yi haka sau biyu ko uku, warware shi aiki ne ja. Harshen da haruffansa ba su wuce na Ingilishi ba bai san wannan ciwo ba.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba duka ne na yarwa ba. Batun tsadar ajiya ba shi da ƙarfi, domin matanin kundi guda bai kai nauyin 'yan hotunan da ke cikin wayar ɗalibi ba. Hujja mai nauyi ita ce akwai abin da ya wajaba a share shi da gaske: sunan wanda aka yi hira da shi bisa alkawarin sakaya shi, ko ƙazafi, ko aikin da aka sata. Wannan gaskiya ne, kuma rumbun da ba ya iya mantuwa sam yana iya cutar da bayin Allah. Amma sharewa irin wannan hukunci ne da ya kamata hukumar rumbu ta yanke da sani, ta bar alama a gurbin. HTTP kanta ta bambanta lamba 404, wadda ke cewa ba a samu ba, da 410, wadda ke cewa an cire da gangan. Abin da ake ƙi shi ne sharewar da ke aukuwa kullum a ɓoye cikin rigar sabuntawa.

Kuma ba a rasa abin koyi ba. Wikipedia, har da ta Hausa, tana ajiye tarihin gyare-gyaren shafi da lokacinsu, kowane bugu da adireshinsa na dindindin, tana kuma tsayar da mai gyara in wani ya riga shi taɓa wurin. Rumbun arXiv na masana kimiyya yana lambanta bugu na ɗaya da na biyu da na uku, na baya ba ya kawar da na gaba. Tsarin Memento na 2013 ya ba mai nema damar cewa a ba shi shafi kamar yadda yake a rana kaza, in akwai wanda ya adana. Rumbunan jami'o'i irin su DSpace da EPrints kuwa suna karɓar ajiya daga nesa ta tsarin SWORD, wanda aka fara gina shi a 2007 a kan ƙa'idar wallafa ta Atom. Ikon saka kundi da maye gurbinsa ta HTTP ya riga ya iso ƙofar ɗakin karatu, saura a san wa aka damƙa wa shi da kuma bisa wane sharaɗi.

Saboda haka duk sashen da zai kafa rumbun tatsuniyoyi ko waƙoƙi ko kundayen ɗalibai, kafin ya tambayi ma'aikacin kwamfuta launin shafi, ya tambaye shi ina tsohon bugu yake zuwa in an ajiye sabo, ko rumbun yana ƙin gyaran da ya zo ba hatimi, da kuma ko yana bayyana UTF-8 a kan kowane matani. Malamai kuma, waɗanda ba sa karɓar madogara daga littafi sai da shekara da maɗaba'a, ya kamata su daina karɓar adireshi tsirara. A nemi ɗalibi ya kawo lambar bugu in rumbun yana da ita, in babu ya kawo ranar da ya ɗauko, ya kuma haɗa kofin abin da ya gani a ratayen kundinsa.