Mutanen Amurka da Inshorar Ambaliya: Tsoro Ke Saye, Mantuwa Ke Saki

A ƙasar Amurka, inshorar gida da aka saba yi ba ta ɗaukar ɓarnar ambaliya. Bayan guguwar teku da ake kira Betsy ta afka wa birnin New Orleans a 1965, sai gwamnati ta kafa tata inshorar ambaliya a 1968. Ƙa'idarta ita ce mai gida ya zuba kuɗi kowace shekara. In ruwa ya ci gidansa, a biya shi har zuwa dala 250,000 a kan ginin.

To, abin lura shi ne lokacin da mutane ke saye. Da guguwar Katrina ta wuce a 2005, dubban ɗaruruwan masu gidaje suka ruga suka saya. Wani masani, Justin Gallagher, ya bayyana a 2014 cewa masu saye kan ƙaru da kamar kashi 9 cikin 100 a garin da ruwa ya ci. Hatta garuruwan da ruwan bai taɓa ba, amma suka ga labarin a talabijin, su ma sukan ƙara saye. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma himmar ba ta daɗewa. Kowace shekara tana raguwa, kafin shekara goma adadin ya koma inda yake da. Da yawa sukan daina biya bayan shekara biyu zuwa huɗu, suna ganin kuɗinsu ya tafi a banza tun da ruwa bai zo ba. Alhali kuwa teku tana nan inda take, gidan ma bai gusa ba.

Sakamakon haka ya bayyana a birnin Houston a 2017. Da guguwar Harvey ta sauka, akasarin gidajen da ruwa ya shiga ba su da wannan inshora. Kuma wanda ya farga a makare bai tsira ba, domin galibi sabuwar takarda ba ta fara aiki sai bayan kwana 30. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka doka tun 1973 ta tilasta inshorar a kan mai cin bashin gida, a bankin da gwamnati ke lura da shi, in gidan yana wurin da ruwa ke ci. Wanda dokar ba ta hau kansa ba kuwa, an bar shi da lissafinsa, kuma lissafin nan yakan bi tsoron bara, ba haɗarin baɗi ba.